Yadda Kare Ya Zama Jagoran Makaho

A kowane babban gari na ƙasar Hausa, wanda ya fita da safe ba ya rasa gamuwa da makaho da ɗan jagoransa. Yaro yana gaba riƙe da kan sanda, makaho yana biye riƙe da gindinta, suna ratsa kasuwa, suna tsallake kwata. Idanun yaron nan su ne idanun mutum biyu. In ya yi ciwo, ko ya yi fushi, ko wasa ya ɗauke masa hankali, to, ran nan makaho sai ya wuni inda ya kwana. Shi kuma yaron, sau da yawa jagorar nan ita ce ke hana shi zuwa makaranta.

A ƙasashen Turai da Amurka da waɗansu wurare akwai makafi dubbai waɗanda kare ne ke yi musu wannan aiki. Ya kan kai ubangijinsa wurin aiki, ya kai shi kanti, ya tsallakar da shi titi mai cike da motoci, ya komo da shi gida lafiya. Wanda ya fara jin wannan ya kan ɗauka tatsuniya ce, don karen da aka saba gani ba ya wuce farauta da gadi da bin juji. Amma abin gaskiya ne, yana kuwa da tarihi, da sunayen mutanen da suka sha wahalarsa. Babu tsafi a ciki, babu asiri. Haƙuri ne da horo da kyakkyawan riƙo suka kai kare wannan matsayi.

Tun Zamanin Da

Tun da daɗewa a kan sami makaho nan da can wanda ya saba da karensa har ya riƙa binsa da igiya. A ƙasar Italiya akwai wani tsohon gari na Rumawa, sunansa Herculaneum, wanda dutse mai aman wuta ya binne a shekara ta 79 bayan haihuwar Annabi Isa. Da aka tone garin, sai aka sami wani zane a jikin bango, wanda masana da yawa ke ganin siffar makaho ce kare yana yi masa jagora.

Wajen shekarar 1780 an gwada horar da karnuka domin wannan aiki a wani gidan makafi na birnin Paris, a ƙasar Faransa. A shekarar 1788 kuma wani makaho mai sana'ar rariya a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, sunansa Josef Reisinger, ya horar da karensa da kansa, ya kuwa gwanance har mutane suka riƙa shakkar makantarsa. Har wa yau a birnin nan, wani malami, Johann Wilhelm Klein, wanda ya kafa makarantar yara makafi, ya yi bayanin karen jagora a cikin wani littafi da ya wallafa a shekarar 1819.

Duk da haka abin bai bazu ba. Babu makarantar horar da karnukan, babu wata hanya guda da kowa ke bi. Wanda ya iya, ya iya wa kansa ne, in ya mutu sai saninsa ya bi shi kabari. Haka aka zauna kusan shekara ɗari, har wata babbar masifa ta tilasta wa mutane su waiwayi maganar.

Yaƙi Ya Kawo Makanta

A shekarar 1914 Yaƙin Duniya na Farko ya tashi, watau yaƙin nan da sojan Nijeriya suka fafata da Jamusawa a Kamaru da Afirka ta Gabas. A can Turai aka yi ɓarna irin wadda ba a taɓa gani ba. Harsashi da ɓarɓashin bom da iskar guba suka lalata idanun soja dubbai. Samari majiya ƙarfi suka bar gida da idanunsu, suka komo ana jan su da hannu.

To, tun kafin yaƙin akwai wata ƙungiya a Jamus mai horar da karnukan agaji. Aikin karnukan shi ne su shiga fagen fama bayan an lafa, su yi ta sansane har su gano wanda aka yi wa rauni, sa'an nan su komo su kai masu ɗaukar majinyata wurinsa. Shugaban ƙungiyar, wani mutum mai suna Stalling, ya ga cewa karen da ya iya kai mai ido wurin mai rauni, in an sake masa horo zai iya kai marar ido gida. Cikin watan Agusta na shekarar 1916 aka buɗe makaranta a garin Oldenburg, ita ce ta farko a duniya ta horar da karnukan jagora. Cikin watan Oktoba na shekarar nan aka miƙa kare na farko ga wani soja da ya makance a yaƙi.

Bukata ta yi yawa, makarantar ta yi rassa a garuruwa da dama, har ta kai a kan yaye karnuka wajen 600 a shekara. Amma gaggawa ba ta haifar da ɗa mai ido. Da yawa ya ƙaru, sai inganci ya ragu, kare marar cikakken horo kuwa gara sanda da shi, don sanda ba ta jan mutum gaban mota. A shekarar 1926 aka rufe makarantar.

Kafin nan, a shekarar 1923, an riga an buɗe wata a garin Potsdam kusa da Balin. Waɗanda suka kafa ta masu kiwon wani irin kare ne da a ke kira karen makiyayan Jamus, dogo, mai tsayayyun kunnuwa, mai kama da kyarkeci. Su ba su yi garaje ba. Wurin yana ɗaukar kare kamar 100 a lokaci guda, amma ba su yaye fiye da 12 a wata. Daga wannan makaranta ce labari ya fita zuwa sauran duniya.

Matar Da Ta Kai Labari

Akwai wata mace Ba'amurkiya mai dukiya, Dorothy Harrison Eustis, haifaffiyar birnin Philadelphia a shekarar 1886. Ta zauna a ƙasar Suwizalan kusa da garin Vevey, tana kiwon karnukan makiyayan Jamus, tana horar da su domin aikin 'yan sanda da na soja. Babban mai taimaka mata wani gwanin horon dabbobi ne, Elliott Humphrey, wanda a ke yi wa laƙabi Jack.

Da ta ji labarin Potsdam, sai ta tafi ta gani da idonta, don gani ya kori ji. Ta ga makafi suna tafiya cikin gari da sauri, kansu a ɗage, ba mai lalube, ba mai jiran a kama masa hannu. Abin ya shiga ranta ƙwarai. A lokacin nan kuwa wata babbar mujalla ta Amurka, The Saturday Evening Post, ta roƙe ta ta rubuta labarin karnukanta. Sai ta bar zancen nata, ta rubuta abin da ta gani a Potsdam. Aka buga shi ran 5 ga watan Nuwamba, 1927.

Ita dai labari ta bayar, ba ta yi nufin ɗaukar wani sabon aiki ba. Ashe ta jawo wa kanta aikin da za ta yi har ƙarshen ranta. Ba a daɗe ba wasiƙu suka yi ta zuwa daga makafin Amurka, kowa yana tambayar inda zai sami irin karen nan.

Morris Frank Da Buddy

Cikin wasiƙun akwai ta wani saurayi ɗan shekara 19, Morris Frank, mutumin garin Nashville. An haife shi a shekarar 1908. Yana ɗan shekara 6 reshen itace ya tsone masa ido ɗaya yana bisa doki, yana ɗan shekara 16 kuma ya rasa ɗayan a wurin dambe. Duk da makanta ya shiga jami'a, yana kuma sana'ar inshora, yana bi gida gida. Yara ya ke ɗauka yana biyansu su yi masa jagora, su kuwa yau su zo, gobe su ƙi, wani lokaci su bar shi a tsaye a hanya. Abin da ya fi ci masa rai ke nan, a ce namiji baligi ba shi da ikon fita sai yaro ya ga dama.

Ubansa ne ya karanta masa labarin. Nan da nan ya aika wa matar da wasiƙa, ya roƙe ta ta horar masa da kare, ya kuma yi alkawari in abin ya tabbata zai komo ya taimaki 'yan'uwansa makafi su ma su samu. Alkawarin nan shi ya ja hankalinta. Ko da ya ke ba ta taɓa horar da karen jagora ba, sai ta amsa masa, ta ce in yana iya zuwa Suwizalan, ya zo.

Cikin watan Afrilu na 1928 ya shiga jirgin ruwa shi kaɗai. Kamfanin da ya shirya tafiyar ya riƙe shi kamar ƙunshin kaya, a fito da shi ya sha iska, a mai da shi ɗaki. Da ya isa, aka haɗa shi da wata karya, sunanta Kiss, watau sumba. Saurayin ya ga ba zai iya tsayawa a bainar jama'a yana kiran wannan suna ba, sai ya sake mata suna Buddy, ma'anarsa aboki.

Ya yi kamar mako biyar yana koyo, Humphrey kuwa bai sassauta masa ba. Ya sha tuntuɓe, ya sha karo, don makahon da ya saba da jan ƙafa da lalube ba ya saurin sakin jiki ya bi dabba. Sai da ya koyi miƙewa sosai, da jin motsin karyar ta hannunsa, da tsayawa in ta tsaya. A cikin littafin da ya fitar a shekarar 1957 ya ba da labarin wata rana suna tafe a wata siririyar hanya, sai ga dawaki sun ƙwace da keken da su ke ja, sun nufo su a guje. Kafin ya san abin da a ke ciki, Buddy ta fizge shi ta haye gangaren gefen hanya da shi, dawakin suka wuce. Ya kuma faɗi ranar da ya fara tafiya cikin gari shi da karyarsa kaɗai ya yi aski ya komo. Ga mai ido wannan ba kome ba ne. Ga wanda ya saba wuni yana jiran mai kai shi wurin wanzami kuwa, ranar nan ranar 'yanci ce.

Ran 11 ga watan Yuni, 1928, jirginsu ya iso birnin Niyok. Manema labarai suka taru, yawancinsu ba su gaskata ba. Aka ce in da gaske ne, ya tsallake wani faffaɗan titi na bakin tashar jiragen ruwa, wanda manyan motoci ke kai da kawowa ba tsayawa. Frank ya kama mariƙi, ya ce wa Buddy su tafi. Ta shiga, ta tsaya, ta ja da baya, ta kuma ci gaba, shi kuwa yana biye da ita, motoci suna wucewa gabansa da bayansa, har suka kai ƙetare. Sai ya buga wa Dorothy Eustis wayar tangaraho mai kalma ɗaya tak, ma'anarta nasara.

Makaranta Da Rufaffun Ƙofofi

Frank ya cika alkawari. Ran 29 ga watan Janairu, 1929, shi da matar nan suka kafa makaranta a Nashville, suka sa mata suna The Seeing Eye, watau Ido Mai Gani. Ajin farko, cikin watan Fabrairu, ɗalibai biyu ne kawai. A shekarar 1931 aka mai da makarantar jihar New Jersey, inda zafi bai kai na Nashville ba.

A shekarar 1934 aka yanka wa kowane ɗalibi dala 150 kuɗin kare da horo. Kuɗin bai kai ko kusa da abin da a ke kashewa ba, sauran daga taimakon jama'a ya ke fitowa. An sa shi ne domin mutum ya san karensa nasa ne, ya biya da guminsa, ba sadaka aka ba shi ba. Wanda ba shi da hali a kan bar shi ya biya kaɗan kaɗan.

Samun kare bai kawar da wahala duka ba. A kan hana kare shiga jirgin ƙasa da masauki da gidan abinci, in kuwa an hana kare, an hana ubangijinsa ke nan. Frank ya yi shekaru yana zaga Amurka da Buddy, yana shiga wurin masu mulki da masu kamfanoni. Hujjarsa ita ce karyar da kanta: ta shiga tsaf, ta kwanta ƙarƙashin tebur, ba haushi, ba ƙazanta, ba roƙon abinci. Sannu a hankali ƙofofi suka buɗe. Ya zuwa shekarar 1956 kowace jiha ta Amurka ta yi dokar da ta ba makaho ikon shiga wuraren jama'a da karensa, a shekarar 1990 kuma aka yi babbar doka ta ƙasa duka wadda ta ƙarfafa wannan.

A Ingila mata biyu ne suka fara, Muriel Crooke da Rosamund Bond. Suka rubuta wa Dorothy Eustis, ta aiko musu da mai horo. A wani garejin mota a garin Wallasey, kusa da Libaful, aka horar da karnuka huɗu na farko, aka miƙa su cikin watan Oktoba na 1931. A shekarar 1934 aka kafa ƙungiyar karnukan jagora ta ƙasar. Daga nan abin ya kai Ostireliya a 1951, Afirka ta Kudu a 1953, inda wata makauniya, Gladys Evans, ta kafa ƙungiya bayan ta samo karenta daga Ingila, sa'an nan Japan a 1957. A shekarar 1989 makarantun suka haɗa kai suka yi tarayya ta duniya.

Musulmi ma maganar ta shafe su. Tun da can malaman fiƙihu sun halatta ajiye kare domin farauta da tsaron dabbobi da gona. A shekarar 2008 wata majalisar malamai a Ingila ta ba da fatawa, aka yardar wa wani saurayi makaho a birnin Leicester ya riƙa zuwa masallaci da karensa. Aka keɓe wa karen wuri daga bakin ƙofa, ya kwanta can har ubangijinsa ya idar da salla.

Yadda A Ke Horon

Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Makarantun nan su ke kiwon karnukansu, suna zaɓen iyaye masu lafiya da sanyin hali. Da fari karen makiyayan Jamus aka fi amfani da shi, daga baya waɗansu iri biyu masu faɗaɗɗun kunnuwa da sauƙin kai, Labrador da Golden Retriever, suka fi yawa. In kwikwiyo ya kai mako 7 ko 8, sai a ba wani gida riƙonsa. A Ingila an fara wannan tsari a shekarar 1956. Mutanen gidan su za su koya masa zama da kwanciya da zuwa in an kira, da inda zai yi bayan gida. Su kan shiga kasuwa da shi, da tashar mota, da cikin yara, domin ya saba da hayaniya, kada wani abu ya firgita shi in ya girma.

In ya haura shekara ɗaya, sai a mai da shi makaranta, ya yi wata huɗu ko fiye a hannun gwani. A kan ɗaura masa ɗamara ta fata a ƙirji, mai mariƙi ƙaƙƙarfa wanda ba ya lanƙwasa. Kare yana hagun mutum, ya ɗan fi shi gaba kaɗan, duk motsin da ya yi sai mariƙin ya kai shi hannu. Ya kan koyi kalmomi kamar gaba, dama, hagu. Ya kan koyi tafiya sak, da tsayawa a bakin titi da gindin matakala, da kewaye rami. Abu mai wuya shi ne ya riƙa auna hanya da jikin mutum. Ratar da ta ishi kare ba ta isar mutum da kare ba, reshen da kare zai wuce ƙarƙashinsa lafiya shi zai fasa wa ubangijinsa goshi. In ya yi daidai a yaba masa, a shafa shi, in ya yi kuskure a komo a sake, sau goma, sau ɗari. Kafin a yaye shi, mai horon ya kan ɗaure idanunsa da ƙyalle ya bi shi cikin gari, ya fara ba shi amanar ransa kafin a ba shi ta wani. Karnuka da yawa ba su cin jarrabawar nan, sai a nema musu gidan da za a riƙe su.

Mutane su kan zaci kare ne ke duban fitilar titi ya san lokacin tsallakawa. Ba haka ba ne. Makahon ne ya san inda za shi, shi ke ƙirga kwanoni, shi ke saurarar motoci, in ya ji hanya ta buɗe ya ce gaba. A nan ne darasin da ya fi kowane girma ya ke. An koya wa kare biyayya wata da watanni, sa'an nan a koya masa ƙin umurni in umurnin zai kai ga halaka. In an ce gaba, alhali ga mota tafe, sai ya kafe. Frank ya ba da labarin wata rana a wani dogon bene, ya nufi akwatin nan mai hawa da sauka da mutane, ya ji ƙofa a buɗe, ya ce wa Buddy gaba. Ta ƙi. Ya sake faɗa da fushi, ta ƙi, da ya matsa sai ta gitta masa a ƙafafu. Ashe ƙofar ce kawai a buɗe, akwatin ba ya nan, sai rami.

Haƙƙin Kare A Kan Ubangijinsa

Makaho ba ya karɓar kare ya wuce gida. Sai ya zauna a makaranta mako uku ko huɗu, shi ma a hore shi. Malamai su kan duba saurin tafiyarsa da ƙarfin hannunsa da irin garin da ya ke zaune, kāna su zaɓa masa karen da ya dace da shi. Tun daga ranar farko shi zai riƙa ba karen abinci da hannunsa, karen kuma kusa da gadonsa zai kwana, domin ya san ya sake ubangiji.

Rabin karatun duk na kulawa ne. Abinci da awo a ke ba shi, a kan lokaci, yawanci safe da yamma, don kare mai ƙiba ba ya jimre aiki. Ruwa mai tsabta ba ya yankewa. A kan fita da shi bayan gida a lokatai sanannu, ubangijinsa ya kwashe da kansa. Kullum sai ya taje masa gashi, a nan ne yatsunsa ke gano kaska ko ƙuma ko ƙurji ko ƙaya a tafin ƙafa. A kan kai shi wurin likitan dabbobi domin allurar rigakafin haukan kare da sauran cututtuka, da maganin tsutsar ciki. Ba a ba shi albasa ko cakulan ko inabi, don guba ne gare shi, ba a kuma ba shi dafaffen ƙashin kaza, don ya kan tsage ya soke shi a ciki. In an kwance ɗamara, aiki ya tashi, sai a bar shi ya yi guje-guje da wasa kamar kowane kare.

Jama'a ma da nasu ladabin. In kare yana cikin ɗamara, ba a kiransa, ba a shafa shi, ba a miƙa masa abinci, don wanda ya ɗauke masa hankali ya rufe wa mutum ido ne a tsakiyar hanya. Mai magana ya yi da ubangijin karen.

Kare ya kan yi wajen shekara 8 yana aiki. In ya tsufa sai a hutar da shi, ko ya zauna a gidan ubangijinsa, ko wani ya karɓe shi ya riƙe har ya mutu. Ba a korarsa, ba a yasar da shi.

Ƙarshen Buddy

Buddy ta yi shekara 10 tana jan Frank. A shekarar 1938, ta riga ta tsufa tana ciwo, wani kamfanin jirgin sama ya yarda ta shiga cikin fasinjoji ta kwanta a ƙafafunsa daga Chicago zuwa Newark, maimakon a jefa ta cikin kaya. Wannan ita ce ƙofa ta ƙarshe da ta buɗe wa 'yan'uwanta. Cikin watan Mayu na shekarar nan ta mutu. Dorothy Eustis ta rasu a 1946. Frank ya rayu har 1980, duk karen da ya riƙe bayan ta fari kuwa, Buddy ya ke sa masa suna. A shekarar 2005 aka kafa mutum-mutuminsu a garin Morristown na jihar New Jersey, yana tafe, hannunsa riƙe da mariƙi, karyarsa tana gefensa.

Ba kowane kare ne zai zama jagora ba, ba kuma kowane gari ne ke da hanyoyi da makarantun da aikin ke bukata ba. Amma abin da aka gano a Potsdam da Vevey ya shafi duk mai kare, ko na farauta ne, ko na kiwo, ko na tsaron gida. Karen da a ke jifa da duka, tsoro ya ke koya, mai tsoro kuwa ko ya gudu ko ya yi cizo. Wanda a ke ciyarwa a kan lokaci, a ke cire wa kaska, a ke yi wa allura, a ke koya wa abu da haƙuri, shi ne ke tsayawa ran da a ke bukatarsa. Frank ya ba Buddy abinci da hannunsa shekara 10, ita kuwa ta hana shi faɗawa rami.